Rufin Aslaug Yana Gumi

Ƙarfe uku na yamma ne kawai, amma kun san Disamba a nan bakin tekun ƙasar sanyi, duhu ya riga ya kawo kai. Halvard kafinta ya tsayar da motarsa a ƙofar gidan Aslaug, tsohuwar da mijinta Oddvar ya rasu shekara uku da suka wuce. Tun daga waje ya ga tsakiyar rufin ya lotsa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara.

"Sai yanzu, yaro?" in ji ta, ga mutum mai shekara hamsin da takwas. "Ruwa na ɗiga mini a gado, kana can kana shan kofi."

"Kofin ma ba ki ba ni ba, sai faɗa. Ina tsanin?"

Ya ɗaga murfin silin ya shiga ƙarƙashin rufi da tocila. Warin ruɓaɓɓen katako ya buge shi. Kowace ƙusa da ɗigon ruwa a bakinta. Ya danna babban yatsa a jikin ginshiƙi, yatsan ya shige kamar a jiƙaƙƙen burodi. Wannan ba yoyo ba ne, gumi ne. Iska ba ta shiga, ba ta fita.

Ya ja tef ya auna: mita goma sha biyu da takwas. Lissafin da ya yi sau dubu ne. Kashi ɗaya cikin ɗari uku na faɗin wurin dole ya zama kafar iska, rabi a gindin rufi, rabi a ƙololuwa. Magina na dā ai ba sa mantawa da wannan. To ina kafofin?

Ya rarrafa zuwa gefe ya haska. Ga su nan, an cusa wa kowace rigar sanyi ta namiji, da safa, da hula. Abin da ya fi damunsa ma wani ne daban. Tsohuwa ɗaya, wanka ɗaya, tukunya ɗaya, ba za ta ba da wannan tururi ba.

Sai ya ji warin tabar lofe.

Sai numfashi. A hankali, mai nauyi, a bayansa.

"Kada ka taɓa kayan nan," Aslaug ta raɗa daga gindin tsani.

"Wane ne a nan, Aslaug?"

"Ran da Oddvar ya cika, maƙwabta suka ce in buɗe taga ransa ya fita, yadda kowa ke yi. Na ƙi. Da ya hau nan ƙarƙashin rufi, na bi na toshe kafofin da kayansa."

Halvard ya sake haska ginshiƙin. "Rufin nan ba zai kai Fabrairu ba. A kanki zai faɗo."

"To lissafa mini 'yar ƙaramar kafa. Wadda katako zai sha iska, shi kuma ba zai wuce ba."

"Babu wannan lissafin."

Numfashin ya matso. Ya jiƙa masa ƙeya.

"Halvard," wata muryar namiji ta ce a kunnensa, a gajiye. "Na gaji. Buɗe."

Wani abu mai sanyi ya kama wuyan hannunsa, ya ɗora shi a kan rigar.

Aslaug tana hawa tsani. "Na roƙe ka!"

Ya fizge rigar daga kafar.

Iska ba ta shigo ba, fita ta yi. Ta zuƙe har wadda ke ƙirjinsa. Tocila ta mutu. Ya buɗe baki, babu abin shaƙa. Ƙafarsa ta burma silin, ya faɗo a kan jiƙaƙƙen gadon, yana tari kamar wanda aka tsamo daga ruwa.

Ƙarƙashin rufin ya yi tsit, numfashin ya ɗauke.

Da ƙafarsa ta warke, ya koma ya buɗe sauran kafofin, ya canza ginshiƙai biyu. Kafin bazara katako ya bushe ƙamas. Rufin yana nan har yau, ba abin da ya same shi.

Aslaug kuwa ta daina barci. Ranar da yake kwashe kayan aikinsa ta tsaya a bakin ƙofa, ta rame, idonta ya faɗa.

"Na ceci ranki," ya ce.

"Ka ceci rufi," in ji ta. "Shekara uku ina kwana da numfashinsa a kaina. Yanzu ba na jin komai sai iska, kuma kai ne ka yi mini wannan."