Albashin Saman Ƙarfe

Auta na kicin ta jiyo kakarin amai daga banɗaki. Kullum da safe haka mijinta Malam yake, tun da ya bar koyarwa ya karɓi aikin da Yayanta ya samo masa a kamfanin waya, na hawa dogayen turakun ƙarfe ana gyara. Malam fa! Mutumin da ko ƙwan fitila zai canja sai ta riƙe masa kujera.

"Don Allah ka bar aikin nan," ta ce da ya fito, hawaye na zubo mata.

Ummanta, da ta zo ganin sabon firij, ta yi caraf: "Ya bar me? Ya koma shaƙar ƙurar alli, 'yata ta koma jiya-i-yau? Ranar da ya ajiye, ranar zan tattara ki mu tafi!"

Malam ya sunkuyar da kai, ya ɗauki hular kwanonsa ya fice, ko shayi bai kurɓa ba.

Wajen azahar abokin aikinsa ya bugo waya. "Madam, ki zo yanzu-yanzu!"

Innalillahi! Takalmi wari da wari ta zura, Umma na biye da ita. Suka tarar da jama'a cirko-cirko a gindin turken, kowa ya ɗaga kai. Can ƙololuwa Malam ne, ya ƙanƙame ƙarfe, ya kasa gaba ya kasa baya, iska na kaɗa rigarsa. An yi kira, an yi lallashi, ko motsi.

Auta ta karɓi rediyon hannu da suke magana da na sama. "Malam... ni ce. Wallahi ni ban taɓa roƙon komai ba. Kai nake so, da dariyarka in kana ba ni labarin 'yan ajinka. Ka sauko, gobe ka koma makaranta."

Can sai muryarsa: "Umma fa? Za ta ɗauke ki..."

Umma ta fizge rediyon tana kuka wiwi. "Sauko, ɗana! Ni na hau da kai can, ka yafe mini. Sauko!"

Ƙafa ɗaya ta motsa, sai ɗayar. Auta ba ta ja cikakken numfashi ba sai da ya taka ƙasa, nan ta zube tana hamdala.

Malam ya koma aji. Albashin ƙanƙane ne, wani watan da ƙyar ake kai ƙarshe, amma ya murmure har Umma na tsokanarsa wai ya fara ajiye tumbi. Iyaye, ku ji tsoron Allah! Kuɗi na gyara gida, amma kada ku tura mutum neman su inda ransa ke ƙi, don in ya faɗo, 'yarku ce za ta yi takaba.