Dunƙulen Tanimu Gatari

Injin ɗori ya sunkuyo da siririyar allurarsa, ya tsira ta a bayan hannun Tanimu Gatari, ɗan damben da Sabuwar Gusau ke ji da shi. A gilashin bango yana kallon farfasassun ƙasusuwansa, wani ruwa mai kalar zuma yana ratsa su.

"Ruwan-tsiro ke nan," in ji Dakta Rakiya. "Furotin ne mai umartar ƙashi ya tofo. Aikin watanni, shi a mako guda. Amma ka ji ni, Malam Tanimu: yadda ka bar hannun, haka zai kama har abada. A shimfiɗe zai zauna cikin farantin nan."

"An gama, likita."

Ashe ba a gama ba. Gasar kambu ta matso. Ubangidansa, Baba Ɗanjuma, ya dubi farantin ya ja tsaki.

"Faranti? Tuwo za a zuba maka? Tun kakanninmu, hannun ɗan dambe a dunƙule yake jinya, kar ya manta aikinsa. Miƙo nan, ɗan nema!"

Ya dunƙule masa yatsu, ya naɗe da ƙyalle, ya zagaye da zare tamau kamar za a shiga fili. Tanimu ya tuna maganar likita, ya kuma tuna kambu. Ya sakar masa hannun. Can cikin naɗin ruwan-tsiro ya kama aiki. Bai san gaɓa ba, bai san yatsa ba, ƙashi kawai yake ginawa.

Ranar gasa, naushi ɗaya ya kai abokin karawarsa ƙasa. Kalangu ya ɗauka, ƙananan jiragen ɗaukar hoto suka yi ta shawagi a kansa. Sai da aka kwance zare murna ta koma ciki. Yatsun sun haɗe, curi guda.

"Ko na fasa ƙashin, haka zai sake tofowa," in ji Dakta Rakiya da ya koma asibiti, kanta a sunkuye. "Mun koya wa ruwan-tsiro gini, ba mu koya masa tsayawa ba."

Da ya isa gida, 'yarsa Hanne ta rugo. Ya saba ɓoye mata dabino a hannu in ya dawo. Ta kama dunƙulen da hannu biyu tana ɓamɓara, tana dariya.

"Baba, buɗe mana! Me ka kawo mini?"

Ya dubi kambun da ke rataye a kafaɗarsa, ya durƙusa a gabanta.

"Babu komai a ciki, uwata."

Ba ta yarda ba. Ta ci gaba da ɓamɓara.