Zoben Da Ba A Cirewa

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a teburin cin abinci na gidan Misis Halvorsen da ke garin Duluth, aka zauna shari'ar zoben baikon Corinne. Uwar ta kama hannun 'yarta, ta kai shi saitin taga, ta juya, ta sake juyawa.

"Arlene, miƙo min tabarau. An ce akwai lu'ulu'u a nan, ni dai ban gan shi ba."

Gwaggo Arlene ta ƙyalƙyale da dariya. "Ki bi a hankali, Yaya, kada ki yi atishawa ya tashi!"

Corinne ta janye hannunta ta ɓoye a ƙarƙashin tebur. Wendell, saurayin nata, ya ci gaba da yanka namansa kamar ba da shi ake ba. Ma'aikaci ne a tashar da ake loda wa jiragen ruwa tama, kuma ba mai yawan magana ba ne.

"Albashin wata uku ake zubawa, kowa ya sani," in ji uwar. "Wannan ko na sati bai kai ba."

"Mama, kuɗin sayen gida muke tarawa," in ji Corinne.

"Na ji. To kai, na auren fa? Wane iri za ka sa?"

Wendell ya zaro wani baƙin zobe na roba daga aljihu. "Irin wannan muke sawa a wurin aiki, Mama. In ya maƙale a ƙarfe, shi zai tsinke ya bar yatsa. Na zinariya sai ranar hutu."

"Roba? Irin ta bakin famfo?" Sai kuma dariyar ta bar fuskarta. "Corinne, haka ubanki ya fara. Kullum zai fita sai ya zare zobe ya ajiye a kan firij, wai saboda aiki. Ashe aikin nan sunanta Darlene! Namijin da ke cire zobe, akwai inda yake zuwa."

Corinne ta san halin Wendell ciki da bai. Amma ta san zoben kan firij ɗin ma, don tana ƙarama takan taka kujera ta leƙa ko yana nan. Kullum kuwa yana nan. Maganar uwar ta sami wurin zama a zuciyarta.

Ta ɗiba daga kuɗin gidan da suke tarawa ta sayo masa zoben zinariya mai kauri, wanda ko Gwaggo Arlene sai da ta auna a tafin hannu ta jinjina kai. Ranar ɗaurin aure, suna cikin mota daga coci, ta riƙe hannunsa.

"Ka yi min alkawari ba za ka taɓa cire shi ba."

"Corinne, doka ce fa a wurinmu, an hana—"

"Don Allah, Wendell. In dai kana sona."

"Shi ke nan," ya ce.

Haka ya riƙa ɓoye zoben cikin safar hannu har sanyi ya shigo. Wata safiya yana kan tsani ya zare safar don ya kwance wata igiya da ta daskare, ya juyo zai sauko, ƙafarsa ta zame a kan ƙanƙara. Zoben ya maƙale a kan ƙusa. Wendell ya faɗo ƙasa, yatsan bai biyo shi ba.

Likita ya ce babu abin da za a mayar. Wata nas ta miƙa wa Corinne zoben a cikin 'yar leda, an wanke shi tas. Ko lanƙwasa bai yi ba. Lalle kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Aikin hawa ya ƙare masa. Aka mai da shi gadin bakin ƙofa, albashi ya ragu, maganar gida ta bi ruwa. Bai taɓa cewa laifinta ne ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Ita ke wanke masa ciwon, ta ɗaure, ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta yi kukanta.

"Ki dawo gida ki ɗan huta," in ji uwar wata Lahadi. "Da sauran ƙuruciyarki, ba a ce dole sai—"

Corinne ta fiddo ledar ta aje a tsakiyar tebur. "Bai cire ba, Mama. Kin ji? Bai cire ba! Ga shaidar da muka nema."

Babu wanda ya ƙara taɓa cokali.

Sai da sanyi ya zo ya wuce, ya sake dawowa, sannan suka sami wani ɗan ƙaramin gida a bayan gari. Sun sayar da zoben zinariyar, kuɗinsa na cikin abin da suka fara biya. Ranar tarewa Misis Halvorsen ta zo da tukunyar dankali da nama, ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Wendell ya miƙa hannu ya karɓi tukunyar. Ta ga baƙin zoben roba a hannunsa na dama, ta ga irinsa a hannun 'yarta. Wannan karon ba ta nemi tabarau ba.

"Sannu, ɗana," ta ce.

"Shigo, Mama, da sanyi."

Haƙurin Wendell ya ba shi gida, ya ba shi surukar da ta ce masa ɗana, amma bai dawo masa da yatsa ba. Amana ba a kanti ake sayenta ba. Wadda ta ɗora wa mijinta laifin ubanta, wanda bai ci ba shi zai biya, ita kuma ta rayu tana kallon gurbin.