Bagaruwar Bakin Rafi

A can da, an yi wata mai magani da ke hassadar tsohuwar maƙwabciyarta. Tsohuwar takan dafa 'ya'yan bagaruwar bakin rafi, ita kaɗai a garin, ta wanke gyambo da ruwan, ƙwayoyin cuta su mutu. Kowa sai gidan tsohuwa, kowa sai yabon tsohuwa.

Mai hassada ta ce, "Ni ba mai magani ba ce?" Ta ɗauki gatari ta sare bagaruwar.

Ba a jima ba ƙafar ɗanta ta yi gyambo, maganinta ya gaza. Ta goya shi sai gidan tsohuwa.

"Iya, taimake ni!"

Tsohuwa ta duba ƙafar, ta miƙa mata kwando. "Yi maza, 'yata, ɗebo mini bagaruwa a bakin rafi."