Attahiru Da Tawadar Tsohuwar Marina

Duk wanda ya yi sakandare a Tambuwal 'yan shekarun baya ya san Malam Attahiru Dogo, malamin Hausa, mutumin Kebbe, mai rubuta wa matasa labaran aljanu da dodanni. Masu ba da labarinsa yanzu sukan sassauta masa don tausayi. A nan ba za a sassauta ba.

Shekara goma sha ɗaya yana rubutu, kuma yana da ɗabi'u biyu a aikinsa. Ta farko, babin ƙarshe yake fara rubutawa, wai don ya san inda ya dosa. Ta biyu, ba ya ƙirƙiro mutum daga iska, sai dai ya ari wani abu daga na gida, tafiyar wannan, dariyar waccan. Duk wahalar nan, masu karatunsa a waya ba su kai hamsin ba, rabinsu ma ɗalibansa ne masu neman maki. Mai karanta rubutunsa da zuciya ɗaya ita ce 'yarsa Ihsan, 'yar shekara sha huɗu, bahaguwa mai wushirya, wadda ke zama bakin ƙofa da takardun tana tauna gefen mayafinta.

Ranar da wani mai buga littattafai a Sakkwato ya mayar masa da aikin shekara uku a leda, ko ɗaurin bai kwance ba, Attahiru ya yi kuka a tasha. Yana son suna, yana son kuɗi, son ya kai shi inda ya daina jin kunyar Allah. Satin bai ƙare ba ya hau babur ya shiga dajin bayan Kebbe, wajen wani boka da ake kira Ɗangiwa.

Da tsakar rana ya isa. Tsohuwar marina ce da aka watse aka bari tun zamanin kakanni. Rijiyoyin rini duk ƙasa ta binne su, sai guda ɗaya, cike taf da baƙin ruwa a tsakiyar rani. Ba tsuntsu a wurin, ba ƙuda. An kewaye bakinta da ƙahonin awaki da tsummokaran shuɗi, warin ruɓaɓɓen baban rini na tashi. Ɗangiwa na tsugune a gefe, hannuwansa sun rine har gwiwa.

"Mi kaka biɗa, Malam?"

"So nika a karanta ni. Kuma in yi arziki."

"Mutanen labarinka, ina kaka samo su?"

"Cikin gida nika aro su."

Boka ya yi murmushin da bai kai ido ba. "To ka ci gaba da aro."

Attahiru ya matsa ya ji farashi. Rago ne? Sa ne? Har babur ɗin ya ce zai bari ya koma a ƙafa.

"Ba ni son komi naka," in ji Ɗangiwa. "Magana biyu dai. Abin da ka rubuta da wagga tawada ba ya gogewa. Kuma in ka fara labari, kada rana ta faɗi ba ka ƙara mai ba. Ran da ka aje alƙalami, labarin za ya kai kainai ƙarshe."

Attahiru ya ji wannan ai sauƙi ne. Boka ya sa shi ya durƙusa ya kira sunayen mutanen gidansa cikin rijiyar, wai don a tsare su. Ya kira uwarsa, Inna Yelwa. Ya kira matarsa, Batula. Ya kira Ihsan. Kowane suna sai ruwan ya yi kumfa ɗaya ya haɗiye. Sannan ya tsoma hannun dama, sanyi ya ratsa shi har ƙashi, aka cika masa kwalba.

Littafin farko da ya rubuta da tawadar ya tashi kamar wutar daji. Matasa daga Sanyinna har Zariya suna biyan kuɗi kafin babi ya fito. Sun haukace a kan wata tsohuwa mai waƙa tana tsinar wake, wadda dodo ya haɗiye a ƙarshe. Waƙar ta Inna Yelwa ce. Tun da ya sa ta a takarda Inna ta daina rerawa, in an tuna mata sai ta ce ba ta san ta ba. Ranar da ya kammala littafin aka same ta a tabarma, ƙwaryar wake a cinya, rai ya yi halinsa. Attahiru ya ce tsufa ne, ya ajiye koyarwa, ya sayi mota, ya ɗora bene.

A na biyu akwai mace mai dariyar Batula, wadda aljanu suka juya wa hankali. Dariya ta bar Batula, daga baya hankali ya bi ta. Ranar da 'yan'uwanta suka ɗaure ta da zane suka tafi da ita Jabo, sannan Attahiru ya gane. Amma ya makara, domin ya riga ya fara na uku, kuma kamar kullum babin ƙarshe ya fara rubutawa. Jarumar, Zulfa, bahaguwa ce mai wushirya. A wannan babin ta mutu.

Ya kankare shafin da reza, rubutun ya dawo. Ya ƙona shi, gari ya waye ya gan shi a cikin littafin. Ya koma marina ya kama ƙafar Ɗangiwa yana roƙo a ɗauki benen, a ɗauki hannunsa, a ɗauke shi shi kansa.

"Ni ban ce ka fara da ƙarshe ba, Malam. Kai ka saba."

Dabara ɗaya ta rage masa, kada labarin ya taɓa isa babin nan. Sai ya shiga tsawaita hanya. Zulfa ta faɗa kogo, ta fita, ta faɗa wani. Amma alƙalamin ba ya motsi sai ya ba shi wani abu na Ihsan. Ya ba da taunar mayafi, ta daina. Ya ba da son karatu, ta koma kallon bango. Ya ba da son fura, ya ba da tsoron kyankyaso, kullum yana zaɓen mafi ƙanƙanta yana hawaye. Masu karatu suka gaji suka watse suna zaginsa. Mota ta tafi wajen masu magani, bene ya bi ta. Yana ɗiga tawadar da tsinke don kada ta ƙare, da ya koma neman ƙari ya tarar rijiyar ta ƙafe, ba boka ba alamarsa.

Wata rana da la'asar, a babi na ɗari uku da wani abu, ya zauna ba shi da abin rubutawa. Ya kwashe yarinyar kaf. Ihsan na kwance a tabarma kamar buhun da aka zazzage. Ta juyo da kai da ƙyar.

"Baba, na karanta ƙarshen tun tuni. Ka ƙarasa shi. Na gaji."

Rana na gangarawa. In bai rubuta ba ta mutu yau. Ya dube ta, ya ɗauki maganar nan tata ya sa a bakin Zulfa. Ya sayi kwana ɗaya da muryar 'yarsa, ba ta sake magana ba. Kashegari ya karkata kwalbar, ba ko ɗigo. Ya gwada biro, ya gwada gawayi, ya tsaga yatsa ya gwada jini, takardar ta ƙi karɓa. Ana kiran magariba Ihsan ta cika.

Yau in ka je tashar Kebbe za ka ga wani dogo a tsugune yana rubutu a ƙasa da kara. In 'yan acaɓa suka taka rubutun sai ya bi su yana roƙo su yi haƙuri, ɗiyarsa na ciki, bai ƙare ba.

Kai mai kwaɗayin suna da dukiya, ka ji tsoron Allah, ka tsaya inda guminka ya kai ka. In boka ya ce ba ya son komai naka, ya riga ya ƙirga mutanen gidanka.