Ruwan Zafi ta Tagar Masauki

Rana ta kusa faɗuwa sa'ad da bakaniken ya iso masaukin tare da autarsa, wadda za ta rubuta jarrabawar shiga makarantar jinya washegari. Gidan wata dattijuwa ne da 'ya'yanta suka watse, ta mai da ɗakunansu na baƙi: ka kwana, da safe a ba ka karin kumallo. Bai taɓa sauka a irin wannan wuri ba. Amma da ta ce bari ta nuna masa yadda ake kunna ruwan zafi, sai ya yi dariya.

"Haba Hajiya, ni da nake farke inji in mayar?"

Auta ta yi murmushi. A wurinta, babu abin da Baba bai sani ba.

A banɗaki ya murɗa nan, ya danna can, ruwa sai ƙara sanyi yake yi. Girman kai ya hana shi sauka ya tambaya. Ya tafasa ruwa a butar shayin ɗakin, ya sirka, ya yi wanka. Ya sake ɗora wani ke nan don Auta, sai ya ji takun dattijuwar a matakala. Don kada ta gane, ya watsa tafasasshen ruwan ta taga cikin duhun magariba, ko bisimilla babu. Can ƙasa, gindin bishiya, wani abu ya yi 'yar ƙara kamar ta jariri. Ya ja labule.

Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum jin numfashinsa. Sai dutse ya faɗo a kan rufi. Wani ya biyo, sannan wani, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Daga ɗakin Auta aka ji faɗuwar abu mai nauyi.

Shi da dattijuwar suka same ta a ƙasa tana birgima, tana yarfe hannu kamar wadda ta ƙone. Dattijuwar ta kira malamin da ke maƙwabtaka, tsoho mai sanyin murya. Ya dubi yarinyar, ya dubi tagar.

"Akwai wanda ya zubar da wani abu a waje?"

Bakaniken ya ji idon dattijuwar a kansa. 'Yarsa na kuka a gabansa, amma kunya ta hana shi faɗin gaskiya.

"Wallahi ban zubar da komai ba," in ji shi.

Malam ya fara karatu. Can Auta ta tashi zaune, ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito, mai kauri da gajiya.

"Ɗana ya ƙone. Yana wasa a gindin bishiyarmu. Zan zauna a jikinta sai ya warke."

"Yarinya ba ta yi miki komai ba," Malam ya ce. "Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Ruwan na yafe, kuskure ne, mu ma muna yi. Amma kai Malam, ka taɓa ganin uban da 'yarsa ke ƙuna, ya rantse da ƙarya don kada a ce bai iya kunna famfo ba?"

Bakaniken ya durƙusa. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. "Ni ne. Ki ƙona hannuna, ki bar ta."

"Me zan yi da hannunka? Zan fita. Amma mu in za mu fita, mukan share wa wanda muka shiga jikinsa abin da ya ji. Wannan karon ba zan share mata ba."

Malam ya ce, "Fita." Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale. Jifan ya tsaya.

Da safe dattijuwar ta jera burodi da ƙwai da shayi, kuma kirkin nan nata ya fi zagi ciwo. Auta ta sauko cikin shirin jarrabawa, lafiyarta lau. Ta gaishe shi da ladabi, ta zuba masa shayi, idonta a kan kofin.

"Bari in raka ki, Auta," ya ce. "Na san hanyar."

"Ka zauna ka huta, Baba. Zan tambayi Hajiya."