Abin da Baba Ya Faɗa a Ɗakin Taimako

"Ka sani! Tun farko ka sani, ka yi mini shiru!"

Muryarta ta cika barandar Tsangayar Shari'a. Ɗaliban da ke hawa bene suka dakata, suka waiwayo. Ko a jikinta. Dogo na tsaye a gabanta, kansa a sunkuye.

"Lauya, don Allah ki saurare ni..."

"Kada ka ƙara kirana da sunan nan! Baba ne ya raɗa mini, kuma Baba ya tafi."

Haka ne. Ubanta tela ne, mai ɗan shago a bakin babban titi. Uwarta ta rasu da wuri, shi ya rene ta a gindin keken ɗinki. Saboda yawan gardamarta yake kiranta Lauya, har sunan ya bi ta. Ranar da ta samu gurbi a jami'ar gwamnati, ya rufe shago da rana tsaka ya rako ta har bakin ƙofa.

Makarantar ba ƙarama ba ce. Tana tsakiyar birni, motoci na kewaye ta ta ko'ina. Ajujuwa a cike maƙil, wanda ya makara sai ya saurari lacca ta taga. A sama akwai ɗakin karatu mai warin tsofaffin littattafai, kusa da shi kotun gwaji, inda ɗalibai ke koyon tsayuwa gaban alƙali. A ƙasa kuwa, dab da ƙofar shiga, akwai wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da fanka mai ƙara. Ɗakin Taimako ake ce masa. Nan 'yan ajin ƙarshe ke zama bi da bi. Duk wanda ba shi da halin ɗaukar lauya sai ya shigo ya faɗi damuwarsa kyauta, wata Malama tana duba aikin.

Doka ɗaya ce a ɗakin: abin da aka faɗa a ciki ba ya fita. Ko ga aboki, ko ga uwa.

A kotun gwaji suka haɗu da Dogo. Ta kayar da shi warwas a gaban aji. Da aka tashi ya biyo ta.

"Ranki ya daɗe, zan ɗaukaka ƙara."

"Zuwa ina?"

"Zuwa shagon babanki."

Ta harare shi, amma dariya ta ƙwace mata. Ya je kuwa. Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce wandonsa kaɗai zai cinye yadi guda. Daga nan aka tsayar da magana: idan sakamako ya fito, manyansa su zo.

Da jarrabawar ƙarshe ta matso, Baba ya ce ta tare a ɗakin kwanan ɗalibai, kada zirga-zirga ta raba mata hankali. In ta leƙo ta ce ya rame, sai ya ce aiki ne. Ranar da ta ajiye biro ta ruga gida da murna, ta tarar da shago a rufe. A asibiti ta same shi. Ya riga ya daina magana.

Wata nas ta dube ta ta ce, "Ina ɗansa? Dogon nan da ke rako shi kowane mako?"

"Ba shi da ɗa namiji," in ji ta.

Sai ƙofa ta buɗe, Dogo ya shigo yana haki. Kafin la'asar Baba ya cika.

Duk kwanakin makoki ba ta ce masa uffan ba. Sai yau, a barandar nan.

"Ranar da kike da lacca ya zo," Dogo ya ce. "Ni ne a Ɗakin Taimako. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, ''Yata ta gaya mini duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita. Gaskiya ne?' Na ce gaskiya ne, Baba. Wallahi ban san abin da zai biyo baya ba!"

Ta dafa bango. Ita ce ta gaya wa Baba dokar ɗakin, tana alfahari, yana datse zare da haƙori.

"Me ya tambaya?"

"Ko likita na da ikon sanar da iyalinsa ciwonsa ba da yardarsa ba. Ciwon ya riga ya ci jiki, Lauya... Na durƙusa na roƙe shi. Na je wurin Malama, ban kama suna ba, ta ce sirrinsa ne, ba nawa ba."

"Shi Baba me ya ce?"

"Ya ce, 'In ta ji, za ta ajiye littafi ta zo ta zauna a gefen gadona. Ban tsiyayar da idona a kan allura don ta ƙare a jinya ba. Ranar da ta gama, ka gaya mata.' Ina hanyar zuwa wurinki ke nan aka kira ni daga asibiti..."

"Jarrabawa ana maimaita ta, Dogo! Uba fa? A ina zan maimaita shi?"

Ta tako har gabansa.

"Muna zaune a ɗakin karatu kafaɗa da kafaɗa. Kana kawo mini ruwa, kana ce mini hasken idona. Ashe daga asibiti kake!"

"Kowace rana sai na buɗe baki, in tuna hularsa a kan gwiwa. Masoyiyata, da ke ce a kujerar nan..."

"Ba a kujera nake ba! Ni 'yarsa ce!"

Ta share hawaye da bayan hannu. Da ta sake magana, muryarta ta yi sanyi, sanyin da ya fi ihun ciwo.

"A takarda ka ci maki, ban musa ba. Amma ka gaya wa manyanka kada su zo."

Ta juya ta tafi. Bai bi ta ba.

Da ta buɗe shagon Baba don ta kwashe kaya, ta tarar da baƙar riga a kan keke, irin wadda lauyoyi ke sawa. Hannu ɗaya an haɗa, ɗayan yana gefe, allura na soke a jiki. Bai taɓa auna ta ba, amma da ta kara a kafaɗa sai ta zauna daidai. Ta ƙanƙame rigar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Fushinta bai ragu ba. Da an gaya mata, da ita ce za ta zura masa zaren nan.

Aikin Ɗakin Taimako ba ya tsayawa sai sakamako ya fito. Da layi ya zo kanta, ta zo ta zauna, fuska babu walwala. Ta ƙi kallon kujerar baƙi.

Da hantsi wata dattijuwa ta shigo tana ɗingishi. Wani matashi ya riƙo ta har bakin ƙofa, ta ce ya jira a waje. Ta tura ƙofar da kanta.

"'Yar nan, an ce maganar ɗakin nan ba ta fita. Haka ne?"

Lauya ta tuna Baba. Ta ji kamar ta miƙe ta gudu.

"Haka ne, Mama."

Dattijuwa ta sassauta murya. Mijinta ya sallame ta bayan sun tsufa tare, ya fitar mata da kaya. A ɗakin wata maƙwabciya take kwana. Tana so ta san haƙƙinta a gidan da suka gina da guminsu. Matashin da ya rako ta ɗanta ne, a can ƙarshen gari yake zaune, ya ɗauka maganar rumfar kasuwa ce ta kawo ta.

"Mama, ki gaya masa!" Lauya ta kama hannunta. "Don Allah ki gaya masa. Ranar da ya ji daga bakin wani, ba ki san irin ciwon ba..."

"Na san ɗana. Zuciya gare shi. In ya ji yau, zai yi wa ubansa abin da zai yi ta nadama har ya mutu. Ni zan gaya masa, amma ba yanzu ba." Ta tsura mata ido. "Kin ce ba ta fita."

Fanka na ta ƙara a sama. Lauya ta saki hannun dattijuwar.

"Ba ta fita, Mama."

Ta yi mata bayanin abin da doka ta tanada, ta sa mata ranar ganin Malama, ta rako ta waje. Matashin ya miƙe da sauri, ya gyara wa uwarsa mayafi. Sai ya juyo da murmushi.

"'Yar'uwa, babu wata matsala dai ko? Ki gaya mini gaskiya, ita kaɗai gare ni."

Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Kalma biyu kawai, da ya sani. Ta dubi idonsa, ta ga nata idon na kwanakin baya. Ta dubi dattijuwar.

"Ka dai riƙa leƙa ta," ta ce da ƙyar. "Kada ka jira sai ta kira ka."

Ya yi godiya, suka tafi.

Lauya ba ta koma cikin ɗakin ba. Ta bi gefen gini. A kan benci, ƙarƙashin bishiyar da ke bayan tsangayar, Dogo na zaune shi kaɗai. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai yanzu ta lura. Sau ɗaya ta binne Baba, shi kuwa ya daɗe yana binne shi a cikinsa, yana yi mata murmushi.

Ta zauna a ƙarshen bencin. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Har yanzu ina jin zafinka," ta ce. "Ban san ranar da zai wuce ba."

"Na sani."

"Baba ya ambace ni... a hanyar asibiti?"

"Ba shi da wata hira sai taki. Har nas-nas sun haddace sunanki." Ya matso kaɗan, a tsorace. "Lauya, me ya faru a ɗakin can? Wa ya sa ki kuka haka?"

Ta buɗe baki. Ta rufe. 

"Ba zan iya gaya maka ba, Dogona."

Bai sake tambaya ba. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da kukan da ya daɗe yana riƙewa. Ita ce ta miƙa masa hankici.